Gobe Najeriya da Ghana a Abuja: tikitin kyauta zai ci mana wasa kuwa?

Litinin, 28 ga Maris, 2022

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na ga sanarwar gwamnati cewa gobe a tashi daga aiki ƙarfe 1 na rana don ma'aikata su samu zuwa filin Moshood Abiola, kuma an sayi tikiti 20,000 za a raba kyauta. An ba da izinin cika filin, wato mutum 60,000 ke nan. Kowa sai murna yake, wai za mu rama abin da Kumasi ta yi mana ranar Juma'a. Ni dai raina bai kwanta ba. Mutumin da aka sallamo daga ofis aka danƙa masa tikiti, ko sunan mai tsaron gidanmu bai sani ba, shi ne zai tsaya da ƙafarsa minti 90 yana waƙa? Abin da na sani game da 'yan kallonmu shi ne minti 20 suke ara maka. In ƙwallo ta shiga kai ne sarki. In ba ta shiga ba sai tsaki, daga tsaki sai ihu a kan ɗan wasanka, daga nan sai ledar fiya wata ta fara tashi sama. Ku kuma tuna lissafin: an tashi babu ci a can, to in Ghana ta zura ɗaya a nan sai mun ci biyu. Kunnen doki 1-1 ma su zai kai gasar kofin duniya ta Katar, saboda dokar ƙwallon waje: in ci ya zo daidai, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ke wucewa. Wasa ne mai son haƙuri, mu kuma muna tara masa marasa haƙuri. Ya kuka gani?

Ɗan Aboabo:
Wa'alaikumus salam. Gara da ka faɗa da bakinka Baban Ummi, da ni ne da an ce ɗan Ghana ya zo tsokana. Ranar Juma'a ina cikin filin Baba Yara. Wasa sai 7:30 na dare a agogonmu, amma ana idar da sallar Juma'a samarin Aboabo da Asawase suka kama hanya, wasu ko gida ba su koma ba, a kan kaftani suka ɗora jesi. Kafin rana ta faɗi babu masaka tsinke. Masu waƙar jama sun yi da'ira da ganguna da ƙararrawar ƙarfe, mutum ɗaya ya bayar jama'a su amsa, in wannan ɓangare ya gaji na gefe ya karɓa. Akwai wani dattijo a gabana da 'yar rediyo manne a kunne, yana kallon wasan da idonsa yana kuma sauraron mai sharhi da yaren Asante. Duk lokacin da Osimhen ya taɓa ƙwallo sai ya cire hula ya rungume ta a ƙirji, sai an ƙwace ya mayar.

Abin da nake so ku lura da shi, Black Stars ɗin nan, ƙungiyar ƙasarmu Ghana, su ne fa Komoros ta ci 3-2 a Garwa a gasar Afirka ta watan Janairu. Suka dawo gida ba su ci wasa ko ɗaya ba, aka kori koci Rajevac. Zagin da suka sha a gidajen rediyon Kumasi ba ya faɗuwa. Amma ranar wasa kowa ya bar zaginsa a gida. Da alƙali ya ba ku fenariti, kafin ya je ya duba bidiyon VAR ya soke, a kansa fili ya yi ca, babu wanda ya juya kan yaranmu. Kuma wasan nan tsautsayi ne ya kawo mana shi, a Cape Coast aka shirya yi, bikin 'yancin kai na 6 ga Maris ya lalata ciyawar.

Na Ƙofar Mata:
Ai tun farko aka yi kuskure. Abuja garin taron ƙara wa juna sani ne da biki a otal, ba garin ƙwallo ba. Wace ƙungiya ce a can da mutane ke kwana su tashi da ita? Da a filin Sani Abacha na Kano za a buga, wallahi tun a ɗumama jiki Partey na Ghana zai fara tambayar hanyar filin jirgi. Mu Kano Pillars ne muka yi 1-1 da Al Ahly ta Masar a wasan gida a 2009, muka je Alƙahira aka yi 2-2, muka fitar da su da wannan dokar ta ƙwallon waje da kuke tsoro yanzu. Fiye da shekara 10 Pillars ta yi ba a ci ta a gida a gasar lig ba. Sai masu gida!

Tsohon Gola:
Ɗana Na Ƙofar Mata, sannu da ƙoƙari. Filin da kake magana ko Pillars ɗin ba ta wasa a cikinsa yanzu, nan Kaduna take karɓar baƙinta tun bayan da aka mayar da shi wurin killace masu korona. Sannan tunda ka ɗauko tarihi, ɗauko shi duka. A watan Yunin 2005 a Kano aka buga da Angola. Okocha ya ci da bugun tazara tun da wuri, gari ya ɗauka an gama, bayan hutun rabin lokaci Figueiredo ya farke. Wannan 1-1 ita ta hana mu zuwa Jamus a 2006, don makinmu ya zo daidai da nasu, aka koma duba haɗuwarmu da su. Ranar fili ya cika ya batse. Zafin ranar Kano kuma 'yan wasanmu da suka saba da sanyin Turai ya fara dafawa kafin baƙin.

Na Ƙofar Mata:
Baba a yi mana afuwa, wannan mikin kar a fama shi. Amma ai ba 'yan kallo ne suka bayar da mu ba ranar.

Tsohon Gola:
Ban ce su ne ba. Cewa nake yi cikar fili ba ta zura ƙwallo, a Kano ne ko a Abuja.

Baban Ummi:
Abujar ma tana da nata tabon. A Oktoban 2011 a filin nan muka yi 2-2 da Gini, suka farke ana dab da tashi, muka rasa gasar Afirka ta 2012, koci Siasia ya rasa aikinsa. Daga nan Super Eagles suka shiga yawo, Kalaba, Uyo, Asaba, Benin, Legas. Filin da aka gina don wasannin Afirka na 2003 aka bar shi ciyawa ta mutu, sai da Ɗangote ya ɗauki nauyin gyara ta. Yaron da ke da shekara 18 a Abuja yau da wuya in ya taɓa ganin babban wasan ƙasa da wayonsa a garinsu. To a ina zai koyi yadda ake riƙe ƙungiya in tana cikin matsi? Ba a koyon wannan a gidan kallo, inda aikinka kawai ka yi wa ɗan Arsenal dariya.

Ɗalibin Samaru:
Ku yi haƙuri iyayena, amma maganar nan ta ɗan sosa min rai. Wato wanda ya iya biyan naira 2,000 ko 10,000 shi ne mai kishi, wanda aka ba kyauta kuma ɗan cika waje ne? Ni tun 14 ga Fabrairu nake zaman gida saboda yajin aikin ASUU, ina wurin yayana a Mararaba. Naira 2,000 a wurina ba abin wasa ba ne. Amma ku tashe ni tsakar dare in lissafo muku yaran nan da inda kowa ke wasa. Zaidu Sanusi ɗan Jega yana Porto, Sadiq Umar ɗan Kaduna yana Almeria, Aribo da Balogun da Bassey duk suna Rangers. A duk filin duniya talaka ne mai waƙa. Masu kujerar 10,000 hoto suke zuwa ɗauka, su fita saura minti 10 don kar cunkoso ya tare musu mota. Kyautar ba ita ce matsala ba, hannun da tikitin zai bi ne. In ya bi ta masu unguwa da ƙungiyoyin ƙwallon layi, za ku ji fili ya amsa. In ya bi ta ofisoshi, gobe za ku gan shi ana sayarwa a bakin ƙofa.

Baban Ummi:
Ƙanena, ba talaka nake nufi ba, ni ma ba daga gidan sarauta na fito ba. Wanda nake nufi shi ne wanda bai yi niyyar zuwa ba sai da aka ce kyauta ne. Kai da ka san Bassey na Rangers ai ko da bashi za ka je. Amma maganarka ta hannun da tikiti zai bi, wannan na sa hannu.

Tsohon Gola:
Ni abin da ke damuna da kalmar kyauta ba waƙa ba ce, ƙofa ce. Ina cikin filin Ahmadu Bello a watan Maris na 2016 da muka buga da Masar. Aka ce a buɗe ƙofa kowa ya shiga. Mutanen da suka shiga sun ninka abin da filin zai iya ɗauka. Na ga samari sun hau ƙarfen fitilun fili har can sama, wasu a kan allon da ke nuna ci, wasu a zaune a gefen layi inda 'yan jarida ke tsayawa. Wani yaro da bai wuce shekara 12 ba aka miƙo min shi ta saman kawunan mutane, takalminsa ɗaya babu, numfashi yake da ƙyar. Na ba shi ruwa ya zauna a kan ƙafata har aka tashi. Etebo ya ci, Salah ya farke a ƙarshe, amma ni ranar ba sakamakon na riƙa gode wa Allah a kai ba. Da wani ya yi ihun ƙarya a wurin nan, da gawarwaki za a kwasa. In ka ce wa gari kyauta ne, mai tikiti zai zo, marar tikiti ma zai zo, don ya ji an ce kyauta.

'Yar Nima:
Baba ka taɓo inda yake mana ciwo. Mu a Accra 9 ga Mayun 2001 ba ta fita daga ranmu. Hearts of Oak da Asante Kotoko, aka fara jifa da kujeru, aka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a, mutane suka ruga ƙofa suka tarar ba hanya. Sama da mutum 120 suka rasu, da yawa daga cikinsu 'yan zangonmu ne. Ina yarinya lokacin, amma ina tuna yadda aka riƙa jera makara. Har yau akwai iyaye mata a Nima da ba sa yarda ɗansu ya je fili ko da wasan sada zumunci ne. Don haka duk wanda zai je gobe, ɗan Najeriya ne ko namu, ya fara duba ta inda zai fita kafin ya nemi wurin zama.

Ban da wannan kuwa, ku shirya. Kudus na Black Stars ɗan unguwarmu ne, a layukan Nima ya koyi ƙwallo. Masu shirin zaginsa daga kan kujera ku sani yana jin Hausa sarai.

Na Ƙofar Mata:
To Anti ai sai mu roƙe shi da Hausar, ya tuna zumunci. Ke kanki in aka bi sawu ai 'yar Kano ce.

'Yar Nima:
Kakan babana daga Kano ya zo fataucin goro, ban musa ba. Maigidana kuma iyayensa Sakkwatawa ne, tun Juma'a yake yawo da koren kyalle a wuya cikin gida. Na ce masa gobe in ya yi ihun murna a falona, tuwon dare sai dai ya nema a wurin kocinku Eguavoen.

Ɗan Garwa:
Ni baƙo ne a rigimar nan, mu 'yan Kamaru namu ciwon daban, Aljeriya ta ci mu 1-0 a Duwala, gobe kuma sai Blida. Amma na ga magoya bayan Najeriya da idona a watan Janairu, don wasanninku huɗu na gasar Afirka duk a filin Roumdé Adjia na nan Garwa kuka buga. Mutanen Yola da Mubi sun cika mana gari, har a masallatai wasu suka kwana. Da kuka ci Masar 1-0, kuka ci Sudan 3-1, kuka ci Gini Bisau 2-0, babu wanda ya kai ku iya biki. Ranar da Msakni na Tunisiya ya ɗaɗa ƙwallon nan ta wuce golanku Okoye, aka ba Iwobi jan kati, mutanen nan dai su ne suka koma intanet suka yi wa yaran biyu rubdugu, har da masu fatan mutuwa. Yanzu Okoye ba ya nan, Uzoho ne a raga. Kuna tsammani bai ga abin da aka yi wa ɗan'uwansa ba? Golan da ya san kuskure ɗaya zai sa a zagi mahaifiyarsa, hannunsa ba ya sakewa. Nan ne na yarda da Baban Ummi.

Maganar ƙofa kuma, ba sai an koma 2001 ba. A filin Olembe na Yawunde ranar 24 ga Janairun nan mutum 8 suka rasu a turmutsitsin shiga, sabon fili fil.

Ɗan Aboabo:
Mu ma fa ba cikakku muke ba, Dede Ayew na dakatar saboda jan katin Komoros. Ku babu Ndidi babu Iwobi. Sai dai mu saba muka yi da cin ku a inda ya fi zafi. A gasar Afirka ta 2008 a Accra da mutum 10 muka fitar da ku, Agogo ya ci ta biyu. A 2010 a Luwanda Gyan ya sa kai.

Tsohon Gola:
Ka tsallake Fatakwal a 2001, ɗana. 3-0, Tijjani Babangida ɗan Kaduna ya ci biyu, kuma shi ma wasan neman zuwa kofin duniya ne.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dakata. Labari na shigowa cewa an kai wa jirgin ƙasan da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna hari a daren nan, wajen Katari da Rijana. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk mai ɗan'uwa a hanya ya neme shi. Don Allah kar a turo hoto ko sunan kowa nan sai an tabbatar. Maganar ƙwallo a ajiye ta sai da safe.

Talata, 29 ga Maris, 2022

Tsohon Gola:
Salam. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba masu rauni lafiya, Ya kuɓutar da waɗanda aka tafi da su. Jirgin safen nan na yi niyyar hawa in zo kallon wasan, tikitina na hannun ɗana a Kubwa. An dakatar da jirgin. Ko da ba a dakatar ba, zuwan ya fita daga raina. Mun bar hanyar mota saboda masu garkuwa muka koma jirgi, ranar Asabar aka taɓa filin jirgin sama, jiya kuma ga wannan. Daga asibiti nake yanzu, an ce ana neman jini.

Maman Sadiq:
Amin Baba. Ni dai ina karanta ku ban cika magana ba, amma yau sai na yi. Ta yaya za a busa kakaki a buga ganga a Abuja da yamma alhali mutanen da suka tashi daga garin nan jiya suna daji? A ɗage wasan mana. Ƙwallo za ta gudu ne?

Baban Ummi:
Hajiya, zuciyata na tare da ke, amma ɗagewar ba a hannun Abuja take ba. Ranar FIFA ce, wasanni biyar na Afirka duk yau za a ƙare su, Senegal da Masar, Aljeriya da Kamaru, Maroko da Kwango, Tunisiya da Mali, da namu. Ranar Juma'a za a raba rukuni a Doha. Abin da ke hannunmu shi ne a yi shiru na minti ɗaya kafin a take, 'yan wasa su ɗaura baƙin kyalle. In aka yi shirun kuma a yi shi da gaske, ba ana busa vuvuzela a ciki ba.

Na Ƙofar Mata:
Ni jiya har na kwanta ban ƙara tuna Partey ba. Amma in faɗi gaskiya, da safen nan na tsinci kaina ina lissafin wa zai buga gefen hagu. Ga layin mai, ga wuta da ta ɗauke a ƙasa baki ɗaya a tsakiyar watan nan, ga yara a gida babu makaranta, ga azumi saura kwanaki kayan masarufi sun tashi. Mutane na neman abu ɗaya da zai faranta musu rai ko na awa biyu ne. Ban ga laifinsu ba.

Baban Ummi:
To wannan ne ma ya ƙara min tsoro. Mutum 60,000 kowa da ƙunci a cikinsa, an ce masa zo ga farin ciki kyauta. In farin cikin bai zo ba, a kan wa za a sauke ƙuncin?

Maman Sadiq:
Kun ga abin da nake gudu ke nan. Sadiq tun asuba ya wanke jesinsa, abokansa sun samo tikiti. Shekararsa 19, in na hana shi ma ta katanga zai bi. Waɗanda suka saba zuwa ku faɗa min abin da zan ce masa.

Tsohon Gola:
Ki ce ya tafi da wuri, kafin ma'aikata su fito ƙarfe 1. Ya sa takalmi mai igiya, ban da silifas, don a turmutsitsi wanda ya sunkuya ɗaukar takalmi shi ake takawa. In ya ga ana tura ƙofa ya koma gefe, kar ya jingina da ƙarfe ko katanga. Su sa wurin haɗuwa tun kafin su shiga, don waya ba ta aiki in jama'a sun yi yawa. In an tashi, ko an ci ko ba a ci ba, ya zauna a kujerarsa sai fili ya rage. Ko da ya ga kowa na tsallakawa cikin ciyawa, shi kar ya bi. Magariba za ta same su wajen hutun rabin lokaci, ya riƙe alwalarsa tun la'asar, don layin famfo a lokacin ba ya biyuwa.

Maman Sadiq:
Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Na tura masa yadda ka rubuta.

Ɗalibin Samaru:
Abin da na faɗa jiya ya tabbata. Tikitin da aka ce kyauta ne ga shi a hannun wasu samari a bakin titi suna sayarwa, ɗauri guda a aljihun kowa. Na tambayi ɗaya a ina ya samo, ya ce in saya ko in ba mutane wuri. Yayana ya tausaya ya biya min. Daga Mararaba zuwa Nyanya mota ba ta motsi, rabin titi layin mai ne, rabi masu tuta. Wani mai a-kori-kura ya ɗebo samari sun shafa fenti kore da fari har gashin kai, ɗaya na buga murfin tukunya da cokali.

Baban Ummi:
Na shigo, alhamdu lillahi. Duk surutuna na jiya ga ni a kujera da tikitin kuɗina, kar wani ya tambaye ni dalili. Daga ƙofar gari na sauka na ƙarasa da ƙafa. Ciyawar ta yi kyau daga nan sama. 'Yan ƙungiyar magoya baya masu kakaki da ganguna suna ɓangare guda cikin kore da fari, tun ɗazu suke busawa ba su huta ba, amma filin nan girma gare shi, daga inda nake kiɗan na zuwa ne sama-sama. Sauran jama'a kowa da wayarsa a sama yana ɗaukar kansa. Na kusa da ni da kwat ɗin ofis ya zo, ya cire ya ninke a cinya, ya tambaye ni wai in an yi canjaras fenariti za a buga? Na zauna na yi masa bayanin ƙwallon waje tiryan-tiryan. Ya ce ai an soke wannan dokar. Na ce a Turai aka soke bara, nan tana nan daram. Yanzu shi ma ya shiga damuwa, ya daina ɗaukar hoto.

Ɗan Aboabo:
Ka kyauta, ka ƙara mana mutum ɗaya mai fargaba. Nan Kumasi wasa ƙarfe 5 ne a wurinmu, masu shago a Alabar sun fara ja da ƙofa. Mai shayin layinmu ya fito da talabijin ya ɗora a kan benci biyu, ya ce wanda bai sayi ko ƙosai ba kar ya tsaya masa a gaba. Ga abokanmu 'yan Najeriya masu sayar da kayan waya sun zo da tutarsu, mun ba su benci a gaba don mu ga fuskarsu da kyau.

Na Ƙofar Mata:
Sunaye sun fito. Uzoho, Aina, Ekong, Balogun, Bassey, Etebo, Onyeka, Aribo, Dennis, Lookman, Osimhen. An ajiye Zaidu, an ajiye Moses Simon, Ahmed Musa na benci. Haba Eguavoen! Mutumin da ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, a wasa irin wannan ka ce ya zauna? Ko don fili ya tashi ai ka sa shi.

Ɗalibin Samaru:
Yaya, Musa na 2018 daban na yau daban. Lookman na cin ƙwallo a Leicester, Dennis na ci a Watford. In aka shiga minti 70 ana neman mai gudu, sai a sako shi.

Na Ƙofar Mata:
Kai dai ka shiga fili tukuna kafin ka koya min ƙwallo. Nan gidan kallonmu mai gidan ya ƙara kuɗin shiga, wai man janareto daga 'yan bumburutu ya saya. Duk da haka har bakin ƙofa mutane ne, yara sun leƙo ta ramin kwano.

Baban Ummi:
'Yan Ghana sun fito ɗumama jiki, fili ya ɗauki ihu har kujera na rawa. Da Osimhen ya fito kuwa ban ji abin da na kusa da ni ke faɗa ba. Gaskiya in haka za a riƙe, to babu laifi. Sai dai matakalar da ake bi a wuce duk an zauna a kai, kuma har yanzu ana shigowa. Ta ina mutanen nan ke shigowa?

Ɗalibin Samaru:
Ta nan inda nake. Ƙofarmu an rufe, an ce ciki ya cika, ga mu da tikiti a hannu. Na baya na turowa, na gaba na ihu a buɗe. Wasu sun fara hawa waya. Wata mata ta faɗi an ɗaga ta.

Tsohon Gola:
Ɗana fita daga wurin nan yanzu. Kar ka ja da baya kai tsaye, bi gefe-gefe har ka fita. Kuɗin tikitin ni zan mayar wa yayanka.

'Yar Nima:
Ƙanena ka ji maganar Baba don Allah. Ka rubuto mana in ka fita.

Maman Sadiq:
Wayar Sadiq ba ta shiga. Baban Ummi ko za ka gan shi, dogo ne, jesi mai lamba 9.

Baban Ummi:
Hajiya rabin filin nan lamba 9 ne. Amma in ya bi maganar Baba ya zo da wuri yana ciki, cikin kuma lafiya lau ake, matsalar a ƙofa take. Saƙo ya fi kira shiga, ki tura masa saƙo.

Maman Sadiq:
Ya amsa. Yana sama, wai tun 12 suke zaune, yunwa kawai yake ji.

Ɗalibin Samaru:
Na fita. Rigata ta yage a kafaɗa amma lafiyata ƙalau. Baba ka bar kuɗinka, na sayar wa wani da tikitin a yadda aka saya min, na gaya masa ƙofa a rufe take ya ce ya ji ya gani. Wa ya san gidan kallo mafi kusa? Saura minti 15.

Baban Ummi:
Kar ka nemi mota, ba za ka samu ba. Bi titin da ƙafa ka nufi Area 1, wajen tasha akwai masu shayi da talabijin. In ka yi sauri ba za ka rasa fiye da minti 10 na farko ba.

Ɗan Aboabo:
Na Ƙofar Mata, kafin a take mu yi magana. In mun wuce, kilishi za ka aiko min ta motar 'yan goro.

Na Ƙofar Mata:
In kuma mun wuce fa?

Ɗan Aboabo:
Sai in aiko maka da shito, yajinmu na Ghana, kwalba biyu, ka ci da shinkafa ka san an yi yaji.

Na Ƙofar Mata:
Uku. Ɗaya ta Baba ce.